Wuƙar da Na Ƙera wa Kawu

Rabin wuƙar yana nan cikin akwatin kayan aikina, naɗe a tsumma. Ɗaya rabin ya faɗi a daji, a bakin wani ramin gafiya, kuma Kawu bai tsaya nemansa ba domin jini ne ke zuba a hannunsa.

Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne. Aikin ofis nake yi, sha'awar ƙira kuwa da girmana ta kama ni, har na riƙa zuwa maƙerar wani dattijo a unguwarmu kowace Asabar, ina ja masa zugazugi, shi kuma yana barina in taɓa masaba idan aiki ya yi sauƙi. Baba muke ce masa. Maƙerin baƙi ne na gado: garma, lauje, gatari da wuƙaƙen mahauta. Bayan shekara biyu na kafa 'yar maƙerata a tsakar gida, da dunƙulen ƙarfe a madadin uwar maƙera, da awartaki biyu, da injin wasa, da buhun gawayin ƙirya. Na ƙera wuƙaƙen yanka albasa, matan gida suka yaba, sai na fara jin kaina.

Ana cikin haka Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga ƙauye bayan an gama girbi. Manomi ne da damina, mafarauci da rani, kuma a hannunsa na fara cin naman zomo. Ya juya wata wuƙata a hannu ya ce, “Ɗana, tunda ka zama maƙeri, sai ka yi mini tawa kafin a fara fita.” Na ce an gama.

Na gaya wa Baba, bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Je ka wurin 'yan gwangwan ka nemo sifirin na mota.” Na amsa da to, amma ban yi niyyar bi ba, domin a makonnin nan na cika kaina da karatun ƙarfe a intanet. Abin da na karanta gaskiya ne. Sinadarin kabon shi ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an gasa shi an tsoma. Ƙarfen ƙofa da taga kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.25 cikin 100 ba, ko ka kwana kana tsoma shi ba zai riƙe kaifi ba. Sifirin na mota yawanci irin ƙarfen da ake kira 5160 ne, mai kabon wajen kashi 0.6 da ɗan kuromiyam. Magagari mai kyau kuwa yakan kai kashi 1 ko ya ɗara. Na jera lambobin nan na yanke hukunci cewa wanda ya fi kabon ya fi kyau, kuma Baba yana son sifirin ne kawai don shi ya saba gani. Na ɗauko wani tsohon magagari na ce da shi zan yi.

Abin da na tsallake shi ne tauri daban, ƙarko daban. Tangaran ya fi ƙusa tauri, amma jefa su ƙasa ka ga wanda zai tashi lafiya. An yi magagari ne don ya ci ƙarfe a kwance, ba a lanƙwasa shi, ba a sara da shi. Sifirin kuwa duk rayuwarsa lanƙwasawa yake yana dawowa a ƙarƙashin buhunan masara. Kuma ban tambayi Kawu ko sau ɗaya me yake yi da wuƙa a daji ba. A zatona yanka ne da fiɗa. Ashe wuƙar mafarauci ita ce addarsa idan ƙaya ta tare hanya, da ita yake datse saiwa a bakin rami, da ita yake ɓanɓare gaɓa, har tsaga itacen gashi yake yi da ita. Da na yi wannan tambaya guda, da ban taɓa magagarin nan ba.

Ko da magagarin ma, da na yi aikin yadda ya kamata da abin bai kai haka ba. Mutane na yin wuƙa mai kyau da shi. Sai dai ni na bar haƙoransa a gadon bayan wuƙar don su zama ado, alhali kowane haƙori ƙofar tsagewa ce. Na gasa ta da hantsi a tsakar gida, inda hasken rana ke ɓoye ainihin jan ƙarfe, shi ya sa Baba ba ya wannan aiki sai a cikin duhun rumfa. Na san maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, kuma kaɗan ake ƙarawa a kan haka, amma na bar ta cikin wuta har ta koma ruwan lemo mai haske. Sannan na tsunduma ta a bokitin ruwan da ya kwana a waje cikin hunturu.

A cikin tafasar ruwan na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Na ji ta sarai, kuma na san ma'anarta, domin na taɓa ganin Baba ya jefar da lauje saboda irinta. Na ciro wuƙar na duba a rana, ban ga tsaga ba, sai na ce wa raina bokitin ne. Kwana tara na yi ina aikin nan, Kawu kuma zai aiko ranar kasuwa. Akwai gashi na biyu da ake yi wa ƙarfe bayan tsomawa, a ɗumama shi a hankali don ya saki gautsi. Na wuce da ita ta kan garwashi sau biyu kawai, don kada taurin da nake taƙama da shi ya ragu. Na wasa ta har tana aske gashin hannu, na sa mata ƙota ta maɗaci, baduku ya ɗinka mata kube ja. Duk wanda ya gani sai ya ce ma sha Allah.

A fita ta uku karnuka suka kora gafiya rami. Kawu ya durƙusa, ya sa wuƙar a ƙarƙashin wata saiwa ya danna, hannunsa na hagu yana dafe kusa. Ta karye biyu, guntun da ya rage a ƙota ya zarce cikin tafin hannunsa. Da rawani aka ɗaure, aka ɗauko shi a babur zuwa asibitin gari, aka yi masa ɗinki bakwai. Farautar waccan shekarar ta wuce shi, kuma har yau ƙaramin yatsansa ba ya rufuwa duka idan ya kama ƙotar fartanya.

Da na je dubiya shi ne ma yake ba ni haƙuri. “Ƙaddara ce, ɗana. Ni na matsa mata.” Na karɓi guntun na yi shiru, kuma wannan shirun ya fi karyewar wuƙar damuna.

Na kai wa Baba. Ya fito bakin rumfa ya kalli wurin karayar, ya nuna mini da farce. Ƙwayar ƙarfen ta yi manya-manya tana ƙyalli kamar sukari, alamar wuta ta yi yawa. Ƙarfen da ya gasu daidai cikinsa sumul yake kamar toka. A gefe guda kuma, daga gindin wani haƙori, akwai ɗan tabo baƙi inda tsatsa ta riga ta shiga. Tsohuwar tsaga ce.

“Da ka tsoma ta, ta yi magana?”

Na ce ta yi.

“Ka ji, kuma ka ba mutum ya shiga daji da ita.”

Bai ƙara ko kalma ba, ya koma wurin wutarsa. Ranar Juma'a na koma ƙauye na faɗa wa Kawu komai a gaban iyalinsa, har da ƙarar da na ji. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce ya yafe, amma wuƙa ta biyu yana so ya ga yadda za a yi ta.

Sifirin na nemo. Shi ma ba a ɗaukarsa da ido rufe, domin ba kowane ne 5160 ba, kuma wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin mota yakan ɓoye tsaga. Na yanki ɗan guntu na fara gwadawa: na kalli tartsatsinsa a injin wasa, na gasa shi na tsoma, na karya da gangan don in ga cikinsa. Kawu ya zauna a kan turmi yana faɗa mini tsawon da yake so da kaurin gadon baya, abubuwan da ban taɓa tambaya ba. Bayan magariba muka gasa sabuwar wuƙar, Baba yana tsaye, na tsoma a man gyaɗa mai ɗumi. Ba ta ce komai ba. Na sa ta a tandar gasa burodi ta uwargida a digiri 200, awa ɗaya sau biyu, har ta ɗauki launin busasshen kara.

Kafin a sa ƙota na sari guntun ƙirya da ita sau da yawa, na cusa bakinta a kututture na danna iya ƙarfina, ta ɗan ba da kai ta dawo. Ba ta riƙe kaifi kamar ta farko, sai Kawu ya riƙa goga ta a dutse bayan kowace fiɗa. Wannan ranin shi ne na huɗu da yake fita da ita, kuma bara ya aiko mini da cinyar gada a cikin buhun gero.