Ɓarayin Ingila Da Na Kasa Tsinewa

Mai karatu, ni da kai mun san matsayin ɓarawo a gidajenmu. Ko a fim ya fito, tsinuwa ce rabonsa har 'yan sanda su damƙe shi mu ce madalla. To amma akwai wasu tsofaffin finafinan barkwanci na Ingila da duk lokacin da na zauna kallonsu sai in tsinci zuciyata tana bin bayan mai laifi, tana fatan ya tsira. Abin ya daɗe yana damuna, shi ya sa na ce bari in kawo maka shi mu tauna tare.

Finafinan na kamfanin Ealing ne da ke yammacin Landan, a zamanin da Michael Balcon ke shugabantarsa. Uku ne suka fi tsaya min a rai, kuma duk ukun akwai Alec Guinness a ciki.

Ka fara da The Lavender Hill Mob na 1951. Guinness ya fito a matsayin Holland, wani akawun banki mai tabarau wanda ya shekara 20 yana rakiyar motar zinare. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma babu mai ɗaga ido ya kalle shi. Ashe duk shekarun nan lissafi yake. Da ya haɗu da Pendlebury (Stanley Holloway), mai ƙera 'yan kayan tsaraba, sai suka sace zinaren, suka narka shi, suka mayar da shi ƙananan siffofin hasumiyar Eiffel don a fitar da su zuwa Faransa. Tsautsayi, sai aka sayar wa wasu 'yan mata 'yan makaranta kaɗan daga ciki. Ka ga manyan mutane da kwat suna tseren bin yara! Marubucin fim ɗin, T.E.B. Clarke, ya ci Oscar da wannan labari.

Kafin shi akwai Kind Hearts and Coronets na 1949. Dangi masu sarauta sun yanke alaƙa da 'yarsu saboda ta auri mawaƙi ɗan Italiya, har kabari suka hana ta a maƙabartar gidansu. Ɗanta Louis (Dennis Price), wanda ya tashi yana tsaron kanti, ya ƙudura sai ya kawar da mutum 8 da ke tsakaninsa da sarautar. Ka san wa ya fito a matsayin mutum takwas ɗin? Guinness shi kaɗai: tsoho, saurayi, limamin coci, sojan ruwa, kai har da mace.

Sai The Ladykillers na 1955. Ɓarayi 5 suka kama haya a gidan wata tsohuwa kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, suka ce su makaɗa ne. Faifai suke kunnawa a ɗaki suna tsara fashi, ita kuwa tana ta kawo musu shayi. Da ta gano su, sai suka yanke a kashe ta, amma aka rasa mai iyawa. Ƙarshenta junansu suka hallaka ɗaya bayan ɗaya. Katie Johnson, wadda ta haura shekara 70 a lokacin, ta ci kyautar BAFTA da wannan rawa, kuma a nan ne tauraruwar Peter Sellers ta fara haskawa a silima.

Yanzu dubi abin da ya haɗa su. Ba kuɗi ba ne, raini ne. Holland an raina shi har an manta yana da ƙwaƙwalwa. Louis an raina uwarsa. Tsohuwar nan ɓarayi sun raina ta, 'yan sanda ma haka, don da ta je ta faɗa musu gaskiya sai suka ɗauka ruɗin tsufa ne, suka ce ta riƙe kuɗin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Nan na gane cewa ba satar nake goyon baya ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa tsayawa a ofis ana amsa masa gaisuwa ba tare da an kalle shi ba? Ni kam na sha, kuma na tabbata kai ma. Wannan tabon ne finafinan ke sosawa.

Abin da ya sa dabarar ta yi aiki shi ne 'yan wasan ba sa nuna sun san barkwanci suke yi. Babu ihu, babu zare ido. Guinness zai ɗaure fuska yana maganar fashi cikin ladabi kamar mai karanta takardar albashi, kai kuwa cikinka na ciwo don dariya. Da ya yi murmushi ga kyamara sau ɗaya, da tausayin ya tafi. Ba mamaki mutumin nan ya ci Oscar da The Bridge on the River Kwai, fim ɗin yaƙi na 1957, don gwanin sa dariya gwanin sa kuka ne.

Kada kuma ka zaci sun halasta laifi. Holland ya gama ba da labarinsa a birnin Riyo na Birazil, da ya miƙe sai ka ga ankwa a hannunsa. Louis ya fito daga kurkuku, sai ya tuna ya baro littafin da ya rubuta duk ta'asarsa a kan teburi. Sukan bar ka ka so mutumin, amma ba sa yafe masa.

Idan marubuciya ce ke, ko kai mai sha'awar tsara fim ne, nemi ukun nan ka kalla, ko da biyu daga ciki baƙi da fari ne. Sannan gobe in ka shiga banki, ka dubi akawun da ke ƙirga kuɗin wasu, ka gaishe shi da kyau.