Mai Usur

Mu a Tsaskiya da kokawa muka saba, wanda ya sha ƙasa kowa ya gani, babu gardama. Wasan ƙwallo kuwa ba haka yake ba, mutum 22 ke gudu, mai usur ɗaya tak. Ku duba, a 1986 a ƙasar Meziko, Maradona ya ci Ingila da hannu, alƙali bai gani ba. Sai a 2018 aka fara duba bidiyo a gasar kofin duniya. To, wanda ke hura usur idan samarinmu suka kara da na Safana, idanunsa biyu kaɗai gare shi. Ni dai ban yarda a zage shi ba. In ya yi fushi ya tafi, a cikinku wa zai karɓi usur?