Hanyar Gulma: Abin Da Tauraron Ɗan'adam Bai Gani Ba

A ƙarshen watan Oktoban da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya yi rashin mahaifinsa a Gulma, garin da ke ƙaramar hukumar Argungu ta jihar Kabi. Yaron ya yi mini hidima sosai lokacin da nake duba kundin digirinsa, saboda haka ban ga dacewar in yi masa ta'aziyya ta waya ba. Motata tana wurin makaniki, sai na ɗauko babur ɗina, na kwana a Birnin Kabi, da niyyar in ƙarasa washegari. Da na gaya wa maiɗakina inda za ni, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, kai da kake hana mu gulma, yau ga shi da ƙafarka za ka je ka same ta." Ban taɓa zuwa garin ba, amma ban damu ba, domin na ɗaure wayata a kan babur, na rubuta sunan garin a manhajar taswira, ta kuwa nuna mini shi nan take.

Na baro Birnin Kabi da hantsi. Duk wanda ya bi hanyar Argungu a wannan lokaci na shekara ya san irin kyan da take yi. Bayan an wuce Ambursa, inda filin jirgin sama yake, ana hango fadamar gulbin Rima shimfiɗe iyakar ganin mutum, shinkafa ta fara nuna, yara suna korar tsuntsaye, gero kuma an riga an girbe shi a tudu an ɗaure dammuna. Wannan fadama ce ta sa aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kabi cikin Nuwamba 2015, ita ce kuma ambaliyar 2020 ta shafe, ta bar manoma da hawaye da bashi. Arzikin ƙasar Kabi da masifarta duk a cikin ruwan nan suke.

Ina cikin tafiya sai muryar da ke wayar ta ce in saki kwalta in gangara hagu. Taswirar ta nuna wani siririn layi da ya ratsa fadama, ta kuma yi mini alkawarin rage kusan rabin lokacin da zan ɓata idan na zagaya. Na san karin maganar da ta ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, har ma ina karantar da irinta. Duk da haka na juya kan babur, saboda ina son in riski jama'a kafin azahar, saboda kuma wani abu da sai daga baya na gane shi: mu 'yan boko mun fi yarda da abin da aka zana a allo fiye da abin da mutum ya faɗa da baki.

Da farko hanyar ta yi kyau, burji ce mai ɗan faɗi. Sannu a hankali ta tsuke ta koma turbar shanu, daga nan ta koma kunyar gona. Rana ta take, wayar da ke fuskantar ta kai tsaye ta yi zafi kamar dutsen guga, hasken allon ya dushe da kansa har ba na iya karanta komai sai na kāre shi da tafin hannu. Girgizar hanya ta sassauta wayar caji, ban lura ba sai da batir ya kusa ƙarewa. Sabis kuwa tuni ya ɗauke. Ɗigon da ke nuna inda nake yana nan daram, amma a tsakiyar allo fari fat, ba hanya, ba gari, ba suna. Bayan 'yan mintuna sai turbar ta nutse cikin ruwa a gabana, na tsaya na kashe babur.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya faru a nan, domin mutane da yawa suna haɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, kimanin 30, da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Waya tana buƙatar saƙo daga guda 4 aƙalla kafin ta lissafa inda take, kuma wannan ba ya buƙatar sabis ko data. Tun Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon da gangan ga farar hula, kuskuren da ake samu a fili yakan tsaya a 'yan mitoci. Wayoyin yau ma suna ƙarawa da taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na Sin. Na biyu shi ne taswirar kanta, wadda ke zuwa ta intanet, sai fa idan mutum ya sauke ta tun yana gida. Na uku shi ne na'urar da ke hannunka, wadda aka ƙera don aljihu da ofis. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ya kuma yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamararsu. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ke nan taurarin ba su yi mini ƙarya ba. Sun gaya mini inda nake daidai. Taswirar ce ba ta san wata ba, ba ta san damina ba.

Wanda ya fahimtar da ni haka wani dattijo ne masunci da na hango yana gyara homa a bakin ruwa, gorarsa tana gefe. Na yi masa sallama ya amsa, ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "Malam, ina zuwa haka?" Na ce, "Baba, Gulma za ni ta'aziyya, waya ce ta biyo da ni nan." Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba ta yi ƙarya ba. Wagga hanya ta rani ta. In ka dawo bayan sanyi ya faɗi, har mota na bin ta. Yanzu kam sai jirgi." Cikin jimla uku ya warware abin da na'urar ta kasa. An zana layin ne daga hoton sama da aka ɗauka da rani, ko daga sawun waɗanda suka bi shi da rani, alhali a fadamar Rima hanya tana da lokacinta kamar yadda shuka take da nata.

Sai ya ƙara da maganar da ta fi tayar mini da hankali. Ya ce in na haɗu da 'yan sa-kai in cire hular kwano tun daga nesa, in yi sallama da ƙarfi, in faɗi gidan da za ni. Ba sai ya yi bayani ba. Tun harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu, a Nuwamban 2024, baƙo a kan babur cikin jeji, fuska a rufe, yana duba waya yana waige-waige, ba abin da ake kallo da sakin jiki ba ne. A Turai wanda taswira ta ɓatar yakan yi asarar mai da lokaci. A nan yana iya yin asarar da ta fi haka kafin ya sami zarafin faɗin ko shi wane ne. Mu kuma tuna cewa a Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda tsaro. Matafiyin da ya dogara ga intanet kaɗai, ranar irin wannan makaho ne.

Na koma kwalta kamar yadda ya umarce ni, na isa Argungu na yi azahar kusa da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi. Garin da duniya ta san shi da bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun da ake tattalawa a 2016, yana cikin taswira dalla-dalla. Ƙauyukan da ke ciyar da shi ne ba su sami wannan gata ba. A tasha na tambayi wani ɗan kabu-kabu, ya ce shi ma can ya nufa da fasinja, in bi bayansa. Na isa Gulma bayan la'asar, ƙura har gira, na tarar an kusa tashi daga zaman makoki. Ɗalibina ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, da ka kira ni ai da na turo yaro ya tare ka." Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Ba ina kira a jefar da waya ba ne. Mai doguwar tafiya a babur ya sauke taswirar yankin tun yana da sabis, ya rubuta sunayen garuruwan da zai ratsa a takarda, ya sa wayar a aljihu ya riƙa tsayawa yana dubawa maimakon ya bar ta tana gasuwa a rana, ya sanar da mai masaukinsa lokacin tasowarsa. Fiye da duka, kada ya saki kwalta sai ya tambayi mutumin wurin.

Akwai kuma nauyin da ke kanmu malaman jami'a. Najeriya ta harba tauraronta na farko tun 2003, muna da sassan nazarin ƙasa da na safiyo a jami'o'inmu, ga kuma taswirar OpenStreetMap da kowa ke iya gyarawa kyauta. Me zai hana a tura ɗalibai su zauna da masunta da manoma da 'yan kabu-kabu, su rubuta wace hanya ce ta rani, wace ce ta damina, ina ne mashigi, ina ne ake hawa jirgi? Ilimin yana nan a kawunan dattawa irin wanda na tarar a bakin ruwa, kuma dattawan nan ba za su dawwama ba. Allah ya jiƙan wanda muka je wa ta'aziyya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.