Tsohuwar Kwalejin Katsina da garin da ya raine ta

Duk wanda ya taso a birnin Katsina tun ganuwa na da sauran ƙarfinta zai tuna yadda mutum kan baro Ƙofar Soro, ya juya wa Gidan Korau da filin Kangiwa baya, ya gangara Rafukka, har ya iske jan ginin nan na ƙasa mai kaurin bango, wanda in ka shiga ciki da tsakar ranar bazara sai ka ji sanyi ya ratsa ka tun daga tafin ƙafa. Da tubali aka tayar da shi, magina na gargajiya suka ɗaure rufinsa da azara, kuma kafin kowace damina sai an bi shi da yaɓe, an duba indararo. Yau siminti da kwano sun cinye gari.

A 1921 aka kafa makarantar, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a 1922 domin horar da malaman da za su koyar a lardunan Arewa. Daga Sakkwato, Barno, Bauci, Bida da Ilori ake turo yaran, da yawansu a ƙasa suke tahowa, kwana da kwanaki, su zauna shekara biyar. Nan Ahmadu Bello ya zo a 1926, Abubakar Imam ya biyo bayansa, sai Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928, ga su Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida. Da safe Turanci da lissafi, da la'asar kurket da wasan fayis, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na adabi. A littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, uku suna da jini a wannan gida: Ruwan Bagaja na Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a nan. Shi kansa Rupert East da ya shirya gasar ya taɓa riƙe alli a waɗannan azuzuwa. Ke nan yaron da ya karanta labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a firamare, ya sha daga rijiyar Rafukka ko bai sani ba.

Kada matasa su ɗauka Turawa ne suka kawo wa Katsina karatu. Garin ilmi suka tarar, shi ya sa ma suka zaɓe shi. Ɗalibin da ya fita yawo ran Juma'a, yana ɗaga kai zai hango Hasumiyar Gobarau, wadda ta riga kwalejin da ɗaruruwan shekaru. In ya kutsa lungunan Masanawa ya ji ana ambaton Wali Ɗan Masani, can kuma Wali Ɗan Marina, ga zaurukan malamai cike da masu ɗaukar karatu a kan buzu, ga marina na ɗaga zane daga baba, maƙera na dukan ƙarfe, da dare kuma hasken wutar kara na makarantun allo ya haska kowace ƙofar gida. Ƙofofin gari, su Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, a lokacin iyakar birni ne na gaske. Yanzu sunayen tashar 'yan acaɓa ne, ganuwar kuwa an ɗebe mafi yawanta an yi filaye.

A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, daga can Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Ginin ya rage a Katsina, aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, yau gidan tarihi ne. Yana nan tsaye, sai dai ginin ƙasa ba ya yafe sakaci, damina biyu ba yaɓe ta isa ta fara cin gindinsa.

Yara nawa ne a Katsina ke wucewa ta gabansa safe da yamma ba su taɓa leƙawa ba? Malaman makaranta, ku jero ɗalibanku ku kai su. Ku kuma dattawa da kuka san wurin tun yana da hayaniya, ku raka jikokinku da kanku, ku nuna musu ajin da Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Najeriya na farko, ya zauna.