Kafin Ruwan Farko: Mako Guda Tsakanin Sabon Gari da Samaru

Asabar

Kawu ya aiko in zo in ga bangon gidan kakanmu na Sabon Garin Zariya. Filastar simintin da aka shafa masa shekarun baya ta kumbura ta rabu da ginin ƙasar, kana ƙwanƙwasawa ka ji fanko. Tsohon maginin da ya ɗauko daga cikin Birni ya zura yatsa a tsagar, ya zaro ƙasa mai laima, a tsakiyar bazara. Ya ce, "Alhaji, ƙasa iska take so. Kun toshe ta da siminti, damshi ya shiga ya rasa mafita."

Lahadi

Na taka daga tashar jirgin ƙasa zuwa PZ da ƙafa. Dogo ne ya haifi unguwar nan. Ya iso Zariya a 1911, ya kawo ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, Turawa suka yanka musu layuka miƙaƙƙu a hayin kogin Kubanni, nesa da ganuwa. Daga nan ƙaramin jirgin Jos yake tashi har aka rufe shi a 1957, daga nan kuma layin Ƙaura Namoda ya ɓalle. PZ kanta sunan kantin Paterson Zochonis ta gada.

Gidajen farko ba su bi tsarin zaure da shigifa ba. Dogayen gidaje ne, ɗaki na kallon ɗaki, da baranda da tagogin katako da rufin kwano, amma da yawansu in ka kankare fenti jar ƙasa za ka taras. Unguwar ta haura shekara ɗari, sai dai in ana maganar tarihin Zazzau ganuwa ake nufi da Ƙofar Doka da fada. Saboda haka nan kowa rushewa yake ya dasa jerin shaguna, ba mai ɗaukar ko hoto. Ban ga laifin mai gida ba, kuɗin haya yake nema. Amma abin na ci mini rai.

Litinin

An ɓare siminti. An kwaɓa ƙasa da ciyawa, leburori sun tattaka, aka lulluɓe ta. Magini ya ce sai ta kwana biyu ta ruɓa kafin ya taɓa ta. Ɗan Kawu ya ce, "Baba, da bulo ne ai yau an gama." Tsohon bai ko ɗago kai ba.

Talata

Samaru. Wani lamari ne daban, gari ne da karatu ya gina. Gonar gwaji ta 1922 ce ta fara, wadda ta zama cibiyar binciken aikin gona, sai kwalejin fasaha a shekarun 1950, sai Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsofaffin gine-ginen jami'ar na kankare ne, amma masu zanen sun san rana: dogayen barandu, bango mai hudoji, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Na tsaya a inuwar ɗayansu ina kallon wani sabon bene da aka lulluɓe da gilashi, ina tunanin yadda ake zama cikinsa in an ɗauke wuta.

Abin da ya kawo ni shi ne dandalin wasan kwaikwayo na Drama Village. Ba'amurke Steven Ehrlich, wanda ya koyar da zanen gine-gine a nan, shi ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, da ƙasa, ɗakuna zagayayyu kewaye da fili kamar tsakar gidan Bahaushe. Baƙo ya zo ya ga abin koyi a ginin da mu muke jin kunyarsa, har ya shigo da shi jami'ar da ta fi kowacce daɗewa tana koyar da zanen gini a ƙasar nan.

Laraba

Zafi kawai. Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, ya watse. Kawu ya kasa zama.

Alhamis

An fara yaɓe. Magini yana aiki yana yi mini karatu: makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, ita ke hana ruwa cin bango, laso kuwa da katsin karofi da gashin akuya da dafara ake haɗa shi, azara daga giginya, gara ba ta iya mata. Marina sun ragu, don haka katsi ya yi wuya. Yaran maginin kuwa duka babur suke ja.

Da muka zauna cin abinci hira ta kai ga Masallacin Juma'a na Birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizo da ɗaurin guga da aka daɗe ana zuwa nazarinsu. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na kankare. Ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya ji ƙansu. Mai son ganin siffarsa ta asali yanzu sai ya je gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatankwacinsa.

Juma'a

Rabin yini aka yi. Bangon gabas ya kammala, saura na kudu da gyaran kwatar da ke jiƙa gindinsa. Magini ya gindaya wa Kawu sharaɗi: duk shekara kafin damina a kira shi ya duba, in ba haka ba kada a ce aikinsa ne. Kawu ya yarda. Mai kawo ƙasa kuma ya aiko cewa ya ƙara kuɗi, wai man fetur.