Mota Mai Ƙofa Biyu: Sabuwa Ko Ta Hannu?

Tun zamanin kakanninmu mai neman doki dabam, mai neman jaki dabam, ko da kuwa kasuwa ɗaya suka ci. Mai sayen jaki abin da ya ke tambaya shi ne nauyin da zai iya ɗauka, da zangon da zai yi bai gaji ba. Mai sayen doki kuwa sai ya tsaya yana duban wuya da ƙirji, ya buɗe baki ya ga haƙora, sa'an nan ya sa a yi sukuwa da shi ya gani. Kowannensu yana da gaskiyarsa, muddin ya san abin da ya fito saya. Wanda ke shan wuya shi ne wanda ya sayi doki da nufin ya yi masa aikin jaki.

To, haka al'amarin motoci ya ke. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarar 1975 jakar kirki ce, ta ɗauki iyali, ta ɗauki buhu, ta bi gargada ba gardama. Amma akwai wata irin mota gajeriya mai ƙofa biyu, wadda rufinta ya gangara baya. Kujerun gaba biyu su ne na ainihi, na baya kuwa sai yaro ƙarami ko jakar tufafi. An ƙera ta domin daɗin tuƙi da kyan gani, watau ita ce doki a cikin motoci. Ni ina cikin masu sonta, na kuwa sayi guda a shekarar 2022, shi ya sa na ga ya kamata in faɗa wa mai sha'awarta abin da na sani.

Da can irin wannan mota sai attajirai. A shekarar 1964 ne kamfanin Ford na Amurka ya fito da Mustang a kan dala 2,368. Dabarar da suka yi ita ce, suka ɗauki inji da sauran kayan wata motarsu ta yau da kullum mai suna Falcon, suka ɗora musu jiki mai ƙayatarwa. Kafin shekara biyu ta cika sun sayar da miliyan ɗaya. Da wasu suka ga haka sai suka bi sawu. Ford ta Turai ta yi Capri a 1969, Toyota ta Japan ta yi Celica a 1970, ba ta daina ba sai a 2006. Daga baya hankalin masu saye ya koma kan manyan motoci masu tudu, kasuwar ƙofa biyu ta ja baya. Honda ta daina ƙera Accord mai ƙofa biyu a 2017, ta daina Civic mai ƙofa biyu a 2020. Saboda haka sababbin da ke da sauƙin kuɗi sun yi kaɗan, yawancin masu nema sai su juya ga ta hannu.

Wadda raina ya kwanta da ita mota ce da Toyota da Subaru suka haɗa kai suka ƙera, ta fito a 2012. Mota ɗaya ce, sunaye da yawa. Subaru na kiran tata BRZ, Toyota ta kira tata 86, a Turai GT86, a Amurka kuwa an sayar da ita da sunan Scion FR-S har 2016. Injinta lita 2 ne, silinda huɗu, ƙarfin doki 200. Tayoyin baya ne ke tura ta, ba na gaba ke jan ta ba kamar yawancin ƙananan motoci. Nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba, kuma injin a kwance ya ke can ƙasa, shi ya sa in ta shiga kwana sai ta lafe kamar an manna ta da kwalta. A 2021 aka fito da ƙanwarta, GR86, mai injin lita 2.4.

Yanzu sai babbar tambaya, sabuwa ko ta hannu? Sabuwa tana da abin yabo, ba mai musu. Kai ne farkon wanda zai hau ta, ba wanda ya wahalshe ta kafin kai, kuma akwai alkawarin kamfani. A Amurka Toyota kan ɗauki nauyin gyaran aibin ƙira har shekara 3, ko tafiyar mil 36,000. Amma mu zauna mu yi lissafi. A shekarar 2024 ana sayar da sabuwar GR86 a Amurka kusan dala 30,000, a can kuwa wannan shi ne araha. A cikin wannan shekara dala ɗaya ta kai naira 1,500. In ka buga, naira miliyan 45 ke nan, ba a zo ga kuɗin jirgin ruwa da na kwastan ba. Ka ga abin da wani ya kira araha, a wurin wani kuɗin gida ne sukutum. Bayan wannan, ranar da sabuwar mota ta bar wurin masu sayarwa, ran nan darajarta ta fara zubewa, kuma shekarun farko ne ta fi zuba. Mai sayen ta hannu ya bar wani ya ɗauki wannan hasara.

Sai dai ta hannu ma ba banza ta ke sauka ba, ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya sayi ta hannu ya sayi halin wanda ya riga shi hawa. Motar iyali yawanci magidanci ne ya lallaɓa ta. Irin wannan kuwa samari ne suka fi saye, wasunsu har filin tsere su ke kai ta, su yi ta murza ta sai taya ta yi hayaƙi. Dokin da aka yi wa hawan ƙaimi da bulala, ko an wanke shi an ɗaura masa sabon sirdi, ƙafarsa za ta faɗi gaskiya wata rana.

Kafin in fita nema sai da muka yi shawara a gida. Uwargidana ta ce, "Maigida, ban hana ka abin da ka ke so ba. Amma in Inna ta zo za a kai ta asibiti, a ina za ta zauna?" Tambaya ce mai nauyi, domin kuɗin nan tarin shekara huɗu ne. Muka tsai da magana a kan abu uku. Tsohuwar motarmu mai ƙofa huɗu ba za a sayar ba, ita ce ta gida. Ba za a ci bashin ko kwabo ba. Kuɗin makarantar yara da hatsin shekara kuma ba za a taɓa su ba. Wannan shawara ita ta rufe maganar sabuwa, ta bar ni da ta hannu.

Tun ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano da aka saba ta toshe, sai ta tashar jiragen ruwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke sauka a Ikko daga Amurka su ke zuwa, wasunsu kuwa gwanjon motocin da suka yi hatsari ne, aka gyara su. Da ya ke ba a cinikin biri a sama, na ƙi yarda in biya kuɗi a kan hoton da aka aiko mini ta waya. Na nemi wani dattijon makanike wanda ba shi da alaka da dillalai, na biya shi ladan yininsa, muka riƙa zuwa tare.

Ta fari da muka gani ja ce, tana ƙyalli kamar amarya. Dillali ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ko ƙwarzane ba ta da shi. Wata tsohuwa ce ke hawanta a can." Dattijo bai ce uffan ba. Ya buɗe ƙofa ya shaƙi iskar ciki, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga busasshen taɓo, ƙusoshin kujera duk sun yi tsatsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ta yi wanka a kogi." Na ce, "Baba, ba ta gyaruwa?" Ya ce, "Yau ta tashi, gobe ta tashi, jibi wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya." Irin wannan ba abin mamaki ba ne. Guguwar Harvey kaɗai da ta auka wa jihar Texas a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci.

Ta biyu fara ce. Ya tsaya gabanta ya nuna mini tsagar da ke tsakanin bonet da gefen jiki, ta dama ta fi ta hagu faɗi. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya ga tabon walda a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji. Sa'an nan ya murɗa makulli ya ce in dubi fitilun gaban direba. Fitilar jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo, kamata ya yi ta kama na ɗan lokaci sa'an nan ta mutu. Wannan ba ta kama ba sam, alamar an kashe ta ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe. Muka yi sallama muka wuce.

Ta uku ita ce mafi muni a ido. Fentin bonet ya koɗe, akwai ƙwarzane a ƙofa. Amma ƙarƙashinta lafiya lau. Kowace motar zamani tana da lamba tata mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba da jikin madogarar ƙofar direba. Muka karanta su ɗaya ɗaya, muka gwada da wadda ke cikin takardar kwastan, duka suka zo daidai. Da wannan lamba, in motar daga Amurka ta zo, a kan biya kuɗi kaɗan ta intanet a ga tarihinta, ko ta taɓa hatsari, da yawan tafiyar da aka rubuta mata. A tuna fa agogon motar Amurka da mil ya ke ƙidaya, mil 100 kuwa kilomita 160 ne. Da lambar kuma muka tabbatar an yi mata gyaran da kamfani ya kira a yi a 2018, sa'ad da aka gano wani ƙaramin sifirin a cikin injin waɗanda aka fara ƙerawa yana iya karyewa. Sitiyarinta a hagu ya ke tun asali. Wannan ma abin dubawa ne, domin tun 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, motar Japan ko Ingila mai sitiyari a dama sai an yanka an juya, juyayyen sitiyari kuwa ba abin amincewa da rai ba ne.

Dattijo ya ce kada a tayar da ita sai mun dawo da sassafe, domin inji mai sanyi ba ya ƙarya. Muka dawo, aka tayar, ba shuɗin hayaƙi mai nuna tana ƙona baƙin mai, ba ƙara. Muka hau titi, giya shida duka suka shiga ba gurnani, kuloci bai zame ba. Nan muka yi ciniki, aka rubuta takarda gaban shaidu.

Saye shi ne mai sauƙi, riƙo ne aiki. Mai doki ya san kuɗin harawa da dawa da kanwa ba ya ƙarewa. Tankin motar nan lita 50 ne. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ƙasa da naira 10,000 ke cika shi. A ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000, sai da fiye da 50,000. Masu ƙera ta kuma sun ce a ba ta fetur mai daraja ta sama, wanda ba kowane gidan mai ke da shi ba. Ko da ta ke ɗauke da sunan Toyota, injin na Subaru ne, kayan Corolla da ke ko'ina a kasuwa ba su shiga. Wani abin sai an aika Ikko, wani sai ƙasar waje, a jira makonni. Canjin filogi ma, da ya ke injin a kwance ya ke, aiki ne na mai haƙuri. Tsakanin cikinta da ƙasa kuwa kimanin santimita 13 ne, watau bai kai taƙi ɗaya ba. In na zo tudun da a ke yi a titi don rage gudu sai in hau shi a karkace, in damina ta yi nisa kuma akwai unguwannin da ba na shiga da ita. Duk wannan na san da shi tun kafin in biya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi girma. Motar nan tana iya wuce kilomita 200 a awa, amma doka ta tsai da ƙananan motoci a kan 100 a babbar hanya mai tagwayen layi, 50 a cikin gari. Hanyoyinmu akwai ramuka, akwai shanu, akwai yara masu tsallakawa. Motar da tayoyin baya ke turawa, in aka taka mata mai da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi, sai bayanta ya zame ya juyo gaba. Daɗinta yana cikin yadda ta ke jin sitiyari da birki, mutum na iya samunsa bai karya doka ba. Gwanin hawa da linzami a ke gane shi.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ranka ya biya ga irin wannan mota, ba laifi ba ne mutum ya so abu don kyansa. In Allah ya hore maka, sayi sabuwa ka huta da bincike. In kuwa ƙarfinka na ta hannu ne, tafi da idon wanda ya fi ka sani, ka karanta lamba da takarda da kanka, ka fi amincewa da ƙarƙashin mota bisa fentinta. Kada ka ci bashi dominta, kada kuma ta zama ita kaɗai ce abin hawan gida. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kai mu gida lafiya, amin.