Guzurin Fatake a Jakar Makaranta

Sati uku 'yata tana dawo da kwanon abincinta kamar yadda na rufe shi. Burodi ne da ƙwai, wani lokaci da kifin gwangwani. Ta ce kafin a fita tara burodin ya jiƙe, kamar wani ya tauna ya ajiye. Yarinya 'yar shekara shida, tun daga ƙarfe bakwai har azahar ba komai a cikinta. Malamarta ta fara ƙorafin gyangyaɗi a aji.

Da na je Kibiya gaida Inna, sai na kai mata ƙara. Ta yi dariya ta ce, "Ku 'yan boko! Su fatake da burodi suke tafiya?"

Gaskiyarta. Abincin da ake ci bayan ya huce ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dambun nama da ƙuli-ƙuli suna yin kwanaki ba su lalace ba, domin wuta ta ƙone ruwan jikinsu, alhali danshi ne ke rayar da ƙwayoyin cuta. Alale da awara ba sa rasa daɗinsu har tsakar rana, haka ma dafaffen dankalin Hausa. Zogale kuwa nakan ƙulle mata garin ƙulinsa daban, ta kwaɗa da hannunta, kuma wannan ne ya fi burge ta. Na cire fura da nono da kunun aya, saboda zafin Afrilu a nan Rano yana sa su tsami tun kafin tara.

Ɗanwake kaɗai ya ba ni kunya. Ya sandare, ta dawo mini da shi har da harara.